Yadda na shiga fadamar Okabango da ƙaramin jirgi don ɗaukar hoto

Tun dawowata daga Botswana abokan sana'a ke tambayata hanyar da na bi har na shiga fadamar Okabango, wasu ta waya, wasu kuma takanas har shago. Tambayar ba ta wuce biza, da kuɗi, da ɗan ƙaramin jirgin nan da suka ga fiffikensa a gefen hotuna. Na ga gara in zauna in rubuta abin tiryan-tiryan, domin lokacin da nake nawa shirin ban sami mai yi min bayani ba. Abin da kamfanonin yawon buɗe ido ke bazawa a intanet sun tsara shi ne don mutumin Turai ko Amurka, wanda fasfonsa ba ya neman biza, katin bankinsa kuma yana aiki ko'ina. Mai tasowa daga Kano da koren fasfo lissafinsa daban ne.

Ga wanda bai san wurin ba, Okabango kogi ne da ba ya kaiwa teku. Daga tuddan Angola yake tasowa, ya ratsa wani siririn yanki na Namibiya, ya shigo Botswana ta Mohembo, sannan ya bazu cikin rairayin Kalahari ya zama fadama mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 15,000 in ruwa ya cika. Sama da kashi 95 cikin 100 na ruwan, rana da tsirrai ne ke shanye shi a nan. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin wuraren da duniya ta gada, shi ne ma na 1,000 a jerin. Ni dai na saba ɗaukar hoton tsuntsaye a fadamar Haɗeja da Nguru, inda ruwa ke malala cikin busasshiyar ƙasa, sai na yi marmarin ganin babbar yayarta. Amma a Haɗeja mota da kwalekwale sun ishe ka. A Okabango in ruwa ya zo, yawancin masaukan da ke ciki tsibirai suke komawa, baƙi da ɗanyen kayan abinci duk ta sama ake kai su. Ƙaramin jirgi shi ke yanke maka nauyin kayanka, da lokacin tashinka, da ma irin hoton da za ka dawo da shi.

Abu na farko da ya rikita ni shi ne lokacin zuwa. Hankali zai ba ka cewa da damina fadama ke cika, alhali a can ba haka ba ne. Ruwan da aka yi a Angola tsakanin Nuwamba da Maris sai ya yi watanni yana rarrafe, saboda ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, gangarenta bai wuce kimanin mita 60 ba a tsawon kilomita 250. Yakan iso Maun, garin da ke bakin fadamar ta kudu, wajen Yuni ko Yuli, lokacin da ruwan sama ya ɗauke cak, ana tsakiyar sanyinsu. Wannan ne lokacin mai hoto: ruwa garai-garai, ciyawar tudu ta bushe ta yi ja, namun daji sun taru a bakin ruwa. Shi ne kuma lokacin da komai ya fi tsada. Daga Satumba zuwa Oktoba zafi ya shigo, hayaƙin gobarar daji ya dushe sama, hoton da aka ɗauka daga jirgi sai ya fito dishi-dishi. Ruwan ma ba kowace shekara yake zuwa daidai ba, a 2019 ya yi ƙaranci har kogin Thamalakane da ya ratsa Maun ya ƙafe. Don haka kafin in biya ko sisi sai da na tambayi mutanen can ina ruwa ya kawo bana, sannan na tsayar da Yuli.

Wata wakiliyar tafiye-tafiye da ke zaune a Maun ɗin na yi hulɗa da ita, ta imel da WhatsApp. Tun kafin ta tambayi ranar zuwana ta tambayi nauyin jikina da kilo. Dalilin shi ne Maun na kan tudu, kusan mita 950 sama da teku, in rana ta yi zafi iska ba ta da kaurin da za ta ɗaga jirgi mai nauyi da wuri, titunan sauka na daji kuma gajeru ne. Kowane kilo a lissafe yake, na mai da na fasinja da na jaka, mai jiki sosai ma akan ce ya sayi kujera ta biyu. Ita ce kuma ta warware min abin da ban ga an rubuta shi a fili ko'ina ba, cewa jirgin iri biyu ne. Akwai na jigila, mai kwasar baƙi daga Maun zuwa masaukansu. Akwai na shawagi, wanda ake ɗauka haya ya zaga da kai a kan fadama ya dawo da kai inda ya ɗauko ka. Na jigila aikinsa isar da kai, a lokacin da ya dace da kamfani. Na shawagi shi ne na mai kyamara. Na ce ta tanadar min duka biyun. Na tura kafin alƙalami ta asusun dala, ita kuma ta aiko da takardar tabbacin masauki da jadawalin tafiya, waɗanda in babu su ba a ma fara maganar biza.

Kafin bizar sai da na yi katin rigakafin shawara, wato yalo kad, tunda Najeriya na cikin ƙasashen da ake neman wannan kati a hannun duk wanda ya fito daga cikinsu. Ana cike bayanai a intanet, a biya ta Remita, a buga rasit, a tafi da shi da fasfo ofishin lafiya na masu fita waje. Na yi sammako, na tarar da masu zuwa Umara da ɗalibai a layi, kafin azahar na fito. Ma'aikaciyar da ta yi min allurar ta tambayi ranar tafiyata, da na faɗa mata ta ce, "Malam, gara da ka zo da wuri, sai ta kwana 10 a jikinka kafin katin ya fara aiki." Allurar sau ɗaya ce har ƙarshen rayuwa, saboda haka wanda ya taɓa yi don aikin Hajji abin da zai duba kawai shi ne ko lambar fasfon da ke jikin katin ta dace da fasfonsa na yanzu.

Ɗan Najeriya na buƙatar bizar Botswana, kuma tun daga gida ya kamata a neme ta, domin kamfanin jirgi ma zai so ya gan ta kafin ya ɗauke ka. Suna da ofishin jakadanci a Abuja, akwai kuma shafin nema ta intanet. Abin da na haɗa shi ne kwafin fasfo, da hotuna, da bayanin asusun banki na 'yan watannin baya, da tikitin zuwa da dawowa, da takardun da wakiliyar ta aiko, da wasiƙa wadda ni na rubuta da kaina ina bayyana dalilin zuwana. A wasiƙar na faɗi gaskiya cewa hoto zan ɗauka na kaina. Wannan na da muhimmanci, don masu shirya fim ko aikin da kamfani ya ɗauki nauyinsa izini daban suke nema daga gwamnati. Kuɗin bizar ba wani abu ba ne in aka kwatanta da sauran ɗawainiyar, jiran ne ke da cin rai. Makonni na yi ina duba imel safe da yamma, ga kuɗina na can hannun mutane, ga ranar da za a daina mayar da kafin alƙalami tana ƙaratowa. Ranar da amsa ta zo ina tsakiyar gyara hotunan wani biki, na ajiye na yi hamdala. Duk mai niyya ya fara nema aƙalla wata biyu kafin tafiya, kuma ya tambayi wakilinsa a rubuce me za a mayar masa in ba a ba shi biza ba.

Daga nan sai ƙananan abubuwa masu cin lokaci. Masaukan cikin fadama suna neman inshorar da za ta biya kuɗin ɗauko ka ta jirgi in rashin lafiya ta kama ka, na saya ta intanet na buga takardar. Na canji dala, sababbin takardu, don tsofaffi ba kowa ke karɓa ba. Likita ya rubuta min maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina jaka ce. Ƙa'idar kilo 20 ne, har da jakar hannu, har da kyamara. Jakar kuma dole ta zama ta yadi mai laushi, ba taya, ba ƙarfe, wadda ba ta wuce santimita 25 da 30 da 62 ba, saboda cikin wani ɗan akwati da ke manne a ƙarƙashin cikin jirgin ake cusa ta, ƙofarsa kuwa 'yar ƙarama ce. Kyamarori biyu da lensinsu da batura da caja sun tashi kusan kilo 8. Na bar ƙafar kyamara a gida, na rage tufafi tunda ana wanki a masauki, na ƙara rigar sanyi mai kauri da hula. Sikelin mai shinkafa na bakin layinmu na ara, muka yi ta ɗorawa muna saukewa har ta tsaya a 19. Da na je sallama, Hajiyarmu ta karɓi wayata ta daɗe tana kallon hoton jirgin, ta ce, "Wannan ɗan abin za ka shiga? To Allah ya tsare, ka riƙe addu'a." Na ce, "In sha Allahu, Hajiya."

Daga Kano na bi ta Addis Ababa zuwa Gaborone, babban birnin Botswana. A filin jirgin Sir Seretse Khama jami'in shige da fice ya nemi biza da yalo kad da adireshin inda zan sauka, duk suna hannuna a buge a takarda, bai ɗauki lokaci ba. Na gyara agogo, suna gabanmu da awa ɗaya, na canji 'yan pula, kuɗin ƙasar, na kwana, washegari jirgin cikin gida ya kai ni Maun cikin kamar awa ɗaya da rabi. Tun daga taga na ga abin da ban taɓa gani ba: ƙananan jirage jere reras, wannan na sauka wancan na tashi, matuƙa matasa cikin gajerun wanduna suna ɗaukar jakunkunan fasinja da hannunsu.

Ofisoshin kamfanonin ƙananan jiragen suna tsallaken titi, daura da ƙofar filin jirgin. Ban jira gari ya waye ba, da la'asar na je na zauna da mai tsara tashi. Wannan zaman shi ya gyara min tafiyar gaba ɗaya. Jirgin shawagi da awa ake biyansa, jirgin sukutum, mutanen ciki su raba kuɗin. Cessna 206 ce, tana ɗaukar fasinja 5, amma na haɗu da wasu masu hoto biyu muka amince mu uku kawai za mu shiga, kasona bai kai dala 200 ba. Na roƙi tashin farko na safe, na roƙi a goge tagogi, na tambaya ko taga na buɗewa, aka ce a wannan jirgin ba ta buɗewa, mai son ba ƙofa sai ya hau helikwafta, kuɗinta kuwa ya ninka. Sai maganar kujera. A Yuli rana ta arewa take bi a can, ta fito daga arewa maso gabas. Jirgin kuwa arewa maso yamma zai dosa, don haka wanda ke hagu, bayan matuƙi, rana na bayansa a tafiya, haske na sauka a kan abin da yake ɗauka. A dawowa sai abin ya juya. Na zaɓi hagu, kujerar baya, inda sandar da ta tokare fiffike da tayar jirgin ba sa tare ido sosai. Aka ce in zo da fasfo, domin ko shawagi ne sai an bi ta wurin bincike.

Da asuba sanyi har cikin ƙashi. Muka wuce bincike, aka taka da mu har gindin jirgin. Matuƙiyar 'yar ƙasar ce, matashiya, ba ta da yawan magana. Na tsaya ina kallonta tana zagaya jirgin, ta shafa farfela, ta motsa jela, ta tsiyayi mai daga ƙarƙashin fiffike cikin wata 'yar kwalba ta ɗaga shi sama tana duba ko da ruwa a ciki. Ganin wannan natsuwar ya kwantar min da hankali fiye da duk bayanin da aka yi min a ofis. Ta nuna mana bel da yadda ake buɗe ƙofa, ta ba kowa abin sawa a kunne mai makirfo, ta ce za mu tsaya a ƙafa 500 daga ƙasa, wato kamar mita 150, ba za ta sauko ƙasa da haka ba ko me muka gani, don kada a firgita dabbobi. Na karanta addu'ar hawa abin hawa. Injin ya ɗauka, jirgin duk yana karkarwa, muka yi 'yar gajeriyar gudu, sai ga mu a sama.

Da farko gidajen Maun ne, da garken shanu, da jakuna, da Thamalakane yana ƙyalli. Can sai ga wani layi miƙaƙƙe sambal ya raba ƙasa biyu. Shingen waya ne da aka yi don raba ɓauna da shanu saboda ciwon baki da kofato. Kudu da shi turbobin shanu, arewa da shi ba gida ba hanya. Daga nan ruwa ya fara, kuma gaskiya na ɗan jima kyamara na kan cinyata ban ɗaga ta ba. Ruwan tas yake, kana hango farin yashi a ƙasansa, har da sawun giwaye da suka ratsa. Cikin koren ciyayin ruwa akwai siraran layuka baƙaƙe sun yi rassa ko'ina, hanyoyin dorina ne, su suke buɗe wa ruwa mabi. Tsibirai kuwa ba iyaka, kowanne da zoben itatuwa a gefensa, da dogayen bishiyoyi dangin goriba, tsakiyarsa kuma fari fat. Matuƙiyar takan ce giwa a ƙarfe tara, ma'ana a hagu sosai, don da fuskar agogo suke nuna gefe, sai ta ɗan karkata fiffike. Garken farko da muka gani suna tsallaka ruwa a jere, uwa a gaba, ƙananan a tsakiya, inuwar kowacce ta miƙe ta ninka tsawonta saboda rana ba ta ɗaga ba. Wannan inuwar ita ce hoton. Daga sama giwa dunƙule ce kawai mai ruwan toka, inuwarta ce ke fito da haure da hanci da ƙafafu. Muka wuce wasu irin mariya jajaye da suke kira lechwe, suna gudu cikin ruwa yana fantsama, da garken ɓauna da balbelu a bayansu, da raƙuman dawa a bakin wani tsibiri, da kada kwance a kan yashi. Jirgi ba ya tsayawa. Abin da ka hango a gaba, kafin ka ƙirga biyar ya wuce ƙarƙashin fiffike.

Ga 'yan'uwa masu kyamara, ga yadda na saita tawa. Saurin ƙiftawa 1/2000, domin girgizar inji da gudun jirgi ba sa yafe wa ƙasa da 1/1000. Buɗewar ido tsakanin f/5.6 da f/8, ISO kuwa na bar shi ya hau har 800 da sassafe. Tagar roba ce mai kama da gilashi, don haka na cire murfin da ke kare lensi daga rana, na matso da shi dab da taga ba tare da ya taɓa ta ba, don in ya taɓa girgizar jirgin kai tsaye za ta shiga hoton. Gwiwar hannu ma ba a jingina ta da jikin jirgi. Na sa baƙar riga saboda farar riga na fitowa a jikin taga. Matatar haske mai kashe ƙyallin ruwa kada a sa ta, a kan irin wannan taga launin bakan gizo take zubawa. Dogon lensi mai kai milimita 400 bai yi min amfani sosai ba, yawancin hotunan da na ajiye tsakanin 70 da 200 na ɗauke su, sauran kuma da mai faɗi. Kyamara biyu ta fi canza lensi a sama. Sannan kada ka daɗe ido na cikin kyamara, lokaci-lokaci ka ɗago ka dubi nesa, in ba haka ba zuciya za ta tashi. Ɗaya daga abokan tafiyata rabin awar ƙarshe da jakar takarda a hannu ya yi ta.

Jirgin jigila labarinsa daban. Ba a sanar da lokacin tashi sai ana gobe da yamma, saboda sai sun haɗa sunayen duk masu shiga da masu fita sannan su tsara hanya. Nawa ya faɗo da rana tsaka. Aka auna jakata, aka auna ta kyamara, aka haɗa, na tsallake. Wani bawan Allah da ya zo da babban akwati mai taya sai da ya durƙusa a tsakiyar jama'a yana kwashe kaya zuwa jakar yadi da ya saya a nan take, aka ajiye masa akwatin a ofis. Jirgin Cessna Caravan ne, ya fi na safe girma, muka cika shi. Ya haura sama sosai, ya miƙe, iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa tana ta jefa mu sama da ƙasa. Rana ta take, ba inuwa, ruwan ya koma fari yana kashe ido. Na ɗauki hotuna kaɗan na mayar da kyamara jaka. Da a ce wannan jirgin kaɗai na dogara da shi, da na dawo gida hannu rabbana. Mun sauka a wasu titunan daji an sauke mutane an ɗauki wasu kafin a zo nawa, kuma babu banɗaki a ciki, mai hankali ya rage shayi.

Saukar kanta abin kallo ce. Titin farar ƙasa ce a tsakiyar tsibiri, da tutar iska, da 'yar rumfa mai tukunyar kashe gobara. Motar masauki ta riga ta zo tana bin titin daga wannan kai zuwa wancan tana korar gadu da barewa. Matuƙin ya fara wucewa ƙasa-ƙasa ya duba, ya zagayo, sannan ya dira, ƙura ta tashi. Cikin 'yan mintuna an miƙo jakata, jirgin ya juya ya tafi. Da ƙararsa ta ɓace na duba wayata ba sabis ko ɗigo, na san cewa daga nan sai rediyon masauki, fita kuma sai jirgi ya dawo. Gabana ya ɗan faɗi, sannan wani irin sakewa ya biyo baya.

A masauki tanti ne a kan dakalin katako. Dokar farko da aka karanta min ita ce ba a fita da dare sai da rakiya, domin ba shinge, dorina da giwa har gindin tanti suke kiwo. Sallar asuba da isha a ciki nake yi. Alƙibla a can arewa take, ta ɗan karkata gabas, wanda ya saba fuskantar gabas ya kiyaye. Na riga na sanar da su ta hannun wakiliyar cewa ni Musulmi ne, suka riƙa yi min kifi da ƙwai da ganye, ban sha wahalar abinci ba. Wutar sola ce, caji a babban zaure, na riƙa kai batura da rana. Ɗan jagorana Bayei ne, mutanen da suka shahara da mokoro, kwalekwalen da ake tuƙawa a tsaye da doguwar sanda. A da daga gungumen itace ake sassaƙa shi, yanzu yawanci na roba ne don a bar manyan itatuwa. Da shi muka bi ɗaya daga baƙaƙen layukan nan da na gani daga sama, ashe faɗinsa bai wuce jikin dorina ɗaya ba, ciyayi sun fi mu tsawo hagu da dama, bado ya rufe ruwa. Ya kai ni tsakiyar wani tsibiri, ya kankaro farar ƙasar ya ce in ɗanɗana. Gishiri ne da kanwa-kanwa. Ya ce yawancin tsibiran daga suri suke farawa, itatuwa su tsiro a kai, su yi ta zuƙar ruwa, gishirin da ke cikin ruwan ya taru a tsakiya har ya kashe tsiron wurin. Da haka ruwan fadamar yake zama mai daɗin sha duk da ba shi da mafita zuwa teku. Ya kuma gaya min, da alfahari a fuskarsa, cewa gandun Moremi da na ratsa ta samansa ba Turawan mulki suka kafa shi ba, Batawana, mutanen yankin, su ne da kansu a 1963, ƙarƙashin matar marigayi Sarki Moremi na III wadda ke riƙon sarauta, tun kafin ƙasar ta sami 'yanci a 1966. Abu biyu ya roƙe ni: kada in tayar da duron, wato ɗan jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi, don an hana a gandun daji kuma yana buƙatar izinin hukumar jiragen sama, sannan in Allah ya sa na ga karkanda, in kashe abin da ke liƙa wa hoto wurin da aka ɗauke shi, saboda mafarauta na bibiyar hotunan intanet.

Ranar fita ma da dare aka gaya min lokaci, da safe kuma aka sake ɗaga shi ta rediyo. Na zauna a mota a bakin titi muna jiran ƙarar inji, hankalina kwance saboda na bar kwana a Maun kafin jirgin Gaborone. Wasu iyali da muka fito tare, waɗanda suka haɗa jirginsu na gida a rana ɗaya, da gudu suka shiga filin jirgi.

Wanda zai bi wannan hanya, shawarata ya sa jirgin shawagi a farkon tafiyarsa, ya bar rana ɗaya a gaba ko da yanayi zai hana tashi, kuma ya nace a kan tashin farko na safe ko na ƙarshe da yamma. Ya je ofis da ƙafarsa ana gobe, ya faɗa musu shi mai hoto ne, don matuƙin da ya san haka yakan karkata maka fiffike ba sai ka roƙa ba. Ya rage yawan mutanen jirgin ko da kasonsa zai ƙaru. Duk takarda ya buga ta, kada ya dogara da waya. Katin ajiyar hoto ya zama a aljihunsa, ba a jakar da za a cusa ƙarƙashin jirgi ba, ya kuma ware 'yan pula ko dala na ihsani ga ɗan jagora da ma'aikata.

Maganar kuɗi kuma, ba zan ɓoye ba, abin da ya fi cin aljihu shi ne kwana a cikin fadamar. A lokacin cikar ruwa dare ɗaya ɗaruruwan daloli ne, wasu masaukan sun haura 1,000, jirgin jigila kuma ya ci min tsakanin dala 200 da 300 kowace tafiya. Wanda ƙarfinsa bai kai nan ba kada ya fasa. Ya kama ɗaki mai sauƙi a Maun, ya yi shawagin safe, in da hali ya ƙara na yamma ya zauna a ɗaya gefen, sannan ya bi mota ko jirgin ruwa zuwa tashar mokoro ta Boro, inda mutanen ƙauyen ke shiga da baƙi cikin fadamar su wuni ko su kwana a tanti. Ƙa'idar kilo 20 ma ba ta hau kansa ba, tunda jakarsa na ɗaki, zai iya zuwa da ƙafar kyamararsa da dogon lensinsa don tsuntsayen bakin Thamalakane.